Lemun Tsami a Ramin Abah

A gidanmu na garin Gopeng ba a shigo da lemun tsami. Ba a saye, ba a karɓar kyautarsa, ko sunansa ba a kira idan Abah yana kusa. Abah shi ne mahaifina, Haji Deraman mai ramin kuza, kuma kamar sauran tsofaffin mahaƙa ya yarda cewa kuza rai gare ta. Tana jin magana, tana fushi, tana yaji. Ba ta son a buɗe laima a bakin rami, ba ta son takalmi, amma abin da ta fi tsana a duniya shi ne lemun tsami: da ta ji ƙamshinsa sai ta nutse cikin ƙasa. Haka muka tashi muna cin laksa salam, taliya da romon kifi kawai, maƙwabta suna matsa lemu a tasu muna haɗiyar yawu.

Ni kuwa da na girma sai na tafi karatun sarrafa ma'adinai, na dawo da digirin dakta, da farar riga, da wani tabarau wanda idona bai buƙata ba. Na samu aiki a wata cibiyar bincike a Ipoh. Abah ya bi masallatai yana shelar cewa ɗansa ya zama likitan kuza. Ban gyara masa ba, don ni ma sunan ya yi mini daɗi.

Matsalar da na sa a gaba mai sauƙin faɗa ce. A tsofaffin tsibin yashin da aka wanke aka zubar akwai sauran kuza, amma tsatsa ta lulluɓe ƙwayoyinta, shi ya sa injin maganaɗisu yake janye ta tare da datti. In an wanke tsatsar, kuza ta fito. Na shekara da shekaru ina jiƙa baƙin yashi a kwalabe. Na gwada sinadarai masu tsada da masu ƙona hannu, ɗaya har ya cinye mini wando a gaban ɗalibai mata. Rannan na gwada wani farin gari mai arha, don dai in cika jerin gwaji. Yashin ya fito tas yana ƙyalli. Na maimaita, na sake maimaitawa, ina fata ya ba ni kunya, ya ƙi. Garin nan kuwa ba komai ba ne illa sinadarin tsamin da ke cikin lemun tsami.

Na zauna a kujera na yi dariya har da hawaye. Duk sinadaran da Allah Ya halitta, wannan ne rabona.

A lokacin ramin Abah ya fara ja da baya. Ni da kaina na huda ƙasar gefensa na ɗebi samfur, na kuma ga abin da ban gaya wa kowa ba: yashin mai kuza ya kusa ƙarewa, ƙarƙashinsa farin dutse ne zalla. Ramin nan kuwa shi ne Abah. Tun yana saurayi yake shiga da ƙafa ba takalmi, har tafin ƙafarsa ya koma kamar tayar mota. Na ƙudurta cewa da tsibin yashin bayan rami zan riƙe masa wurin, ko da shekara kaɗan ne, don kada ya wayi gari ba inda za shi.

"Wane magani ne wannan, Yeop?" Abah ya tambaye ni, ranar da na sauke buhunan garin. Yeop yake kirana, sunan ɗan fari.

Na jero masa dogon sunan Turanci, na ƙara da lambobi.

"Masha Allahu," in ji shi. "Ko sunan kaɗai ya isa ya yi aiki."

Ya kuwa yi aiki. Muka kafa randunan jiƙo can bayan kwararon katakon da ake wanke yashi, kuza ta riƙa fita daga abin da kowa ya ɗauka shara ne. Abah ya riƙa damtsar ta a hannu yana jinjina nauyinta, yana yi mata sannu da zuwa kamar baƙuwa. Da na tsaya a nan, da labarin ya ƙare lafiya. Amma ina! Ina so a gani. Na gayyaci shugaban cibiyarmu da manyan ma'aikata su zo su shaida.

Suka iso da hantsi, rana tana dukan ƙeya. Da ƙyar na raba shugaba da laimarsa, na lallaɓa kowa ya tuɓe takalmi, suka riƙa taka laka suna ɗaga ƙafa kamar kaji. Na hau kan wani akwati da farar rigata na fara bayani. Aka yi tafi. Tafin nan ya shiga kaina. Na ƙara murya, na ƙara hannu, har na fara jin cewa ni na halicci kuzar.

Sai Kok Wah, mai kula da famfon ruwan da ake fasa ƙasar rami da shi, wanda ya yi shekaru tare da Abah, ya ɗaga hannu.

"Dakta ƙarami, ni tambayata ɗaya. Kullum hannuna a cikin randunan nan yake. Abin nan ba zai cinye mini yatsu ba? Su goma ne kawai, kuma matata ta ƙirga."

Aka fashe da dariya. Ni ma ina so a yi mini irin dariyar nan.

"Haba Kawu Wah, kwantar da hankalinka!" na ce. "Ko lasa ka yi ba komai. Ai tsamin lemun tsami ne kawai!"

Baƙi suka yi dariya. Su kaɗai. Kok Wah ya zare hannunsa daga randa a hankali ya goge a wando. Na juya na ga Abah. Bai yi faɗa ba, da ya yi da na fi jin sauƙi. Ya buɗe tafinsa ya zuba kuzar da ke ciki a ƙasa, ya juya ya hau gangaren ya tafi gida.

Aka kwashe randunan a ranar. Kafin watan ya ƙare, ruwan famfo ya daki farin dutse a gindin rami, daidai inda samfurina ya nuna. Kwararo ya riƙa fitowa fari fat. Gari kuwa ya samu abin taunawa. A shagon shayi aka sa mini suna Dakta Lemu. Wata tsohuwa mai wanke yashi da akushi ta hango ni a kasuwa, ta ɗauke kwandonta ta canza hanya. A daidai lokacin takardar bincikena ta fito a mujalla, ana ta aiko mini da yabo daga ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, ni kuwa ko gaisuwa ban isa in yi a bakin ramin ubana ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ranar Juma'a na ɗauko kwalaben samfurin nan na zuba a jaka, na tasar wa gida da niyyar in wanke kaina. Zan nuna wa Abah yashi, in nuna masa dutse, in ce kuza ba ta da hanci balle ta ji ƙamshi. Duk hanya ina maimaita jawabina a mota, har da wuraren da zan ɗan dakata.

Na same shi a baranda bayan an sauko daga masallaci, Mak, mahaifiyata, tana zuba masa laksa. Ya rame. Ƙafafunsa a wanke suke tas, ba laka ko ɗigo, kuma ban taɓa ganinsu haka da rana ba. Na zauna, jakar tana ƙarar kwalabe a gefena.

"Yeop," ya ce, bai dube ni ba. "In yaji ta yi, ana biko. A yi addu'a, a yanka akuya, a jira. Kai ne likitanta, gaya mini. Lemun ne ya kore ta, ko ƙarewa ta yi?"

Ga jawabina a baki, ga hujja a jaka. Na dubi ƙafafun nan, sai tausayinsa ya kama ni.

"Lemun ne, Abah," na ce. "Laifina ne. Za ta dawo."

Karatun shekaru na sayar a jimla ɗaya, kuma ko sayarwar ban iya ba. Abah ya ɗago ya dube ni, ya dubi jakar, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juya wajen Mak.

"Halijah, leƙa gidan maƙwabta ki karɓo mini lemu ɗaya."

"Me ka ce, Haji?" Mak ta tsaya da ludayi a hannu.

"Kin ji ni."

Ta je ta dawo riƙe da shi a gefen zane kamar garwashi. Ya yanka da kansa, ya matse rabi a kwanonsa, da hannun wanda bai taɓa yi ba, 'ya'yan duk suka zube ciki. Ya kai cokali baki, ya yamutsa fuska, ya sake kai wani.

"Ashe da daɗi," ya ce a hankali. Ya miƙo mini ɗaya rabin. "Ungo, Dakta. Ci abincinka, gobe ka raka ni mu rufe rami, mu sallami Kok Wah."

Na karɓa na matse. Mak ta tambaye ni me ya samu idona, na ce ruwan lemun ne ya fantsar mini, ko da yake tabarau yana fuskata.