Abin da Aka Ciro daga Cinyata

Wata huɗu na yi ina ɗingishi. Ciwon ya fara a ɗuwawuna na hagu, ya gangaro kwatangwalo, daga baya ya zauna a cinya. Ni malamar firamare ce a Kagoro, aikina duk a tsaye ne, ga shi tsayuwar ta gagare ni. Ciwo mai yawo kuwa, kowa a unguwarmu ya san sunan da ake ba shi: jifa.

Gershon, wan mijina, shi ya kawo mai addu'a daga Manchok. Mutumin ya rufe ido, ya yi ta zufa, ya ce akwai ƙarfe a jikina, kuma hannun da ya jefo shi yana cin tuwo tare da mu. Bai kira suna ba. Tsohuwa ɗaya ce a gidan, Mama Miriyam, gwaggon mijina, wadda ba ta taɓa haihuwa ba, ganinta kuma ya ragu. Aka yanke cewa ranar Asabar ta sama za a kwashe kayanta a mai da ita ƙauye, ɗakin da rufinsa ya daɗe da ruftawa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Matar nan ita ta yi mini wankan jego har sau uku. Mijina Silvanus kuwa sai kallon ƙasa yake yi, kamar a can ya ajiye bakinsa.

Na ce musu zan je asibitin Kafanchan a ɗauki hoton cikin cinyata, in ba a ga komai ba kowa ya kama bakinsa. Na cika baki sosai. Hoton ya fito, sai ga allura kwance a cikin nama, fara tas. Gershon, da ya biyo ni don ya ga kunyata, ya ɗaga hoton sama yana nuna wa mutanen da ke kan benci.

"Dinah, ka gani da idonka! Yanzu wane turanci za ka yi?"

Ban yi turanci ba. Na ce a cire ta, kuma a ba ni ita a hannuna.

Likitar, Dokta Stella, ba ta da yawan magana. Ta manna ƙaramin ƙarfe a fatar cinyata don ya zama alama, ta sa aka sake ɗaukar hoto ta gaba da ta gefe, ta auna nisa da zurfi.

"Malama, allura ba ta zama wuri ɗaya," ta ce. "Duk takun da kika yi, naman yana tura ta. Wannan tafiyar ƙafarki ce ta kawo ta nan. Ta daɗe a ciki, sai da ta kusa jijiya kika fara jin ta."

Ranar Alhamis ta yi mini allurar kashe zafi ta tsaga. Ta fi rabin awa tana nema, ina jin ana jan namana, ina zagin Gershon a zuciya don kada in yi kuka. Can sai ta ce, "Ga ta." Baƙa ƙirin da tsatsa, da guntun zare maƙale a kafarta. Ta yi mini ɗinki biyar, ta ba ni allurar a ƙaramar kwalba.

Ranar Juma'a na kai wa Mama kwalbar a ɗakinta. Na ce ta ga, akwai zare, ba a jifa da zare. Ta juye allurar a tafinta, ta shafa ta da yatsa.

"Yarinyana, nawa ne, ni ke da shi."

Ashe lokacin da na haifi autana, katifata ta yage, ta zauna tana ɗinke mini. Jaririn ya yi kuka, ta soke allurar a katifa kamar yadda dukkanmu muke yi, ta dawo ta neme ta ta rasa. Kwana uku tana lalube. Tsoro ya hana ta faɗa, ni kuma a lokacin ko'ina a jikina ciwo yake, ban san abin da ya soke ni ba.

"Kar ka gaya musu," ta ce. "Bari in tafi kawai."

Na ce wallahi sai na faɗa, kuma ba inda za ta je.

Ranar Asabar da hantsi Gershon ya zo da mota. Ya tarar da ni zaune a kan jakar Mama a bakin ƙofarta, ƙafata a miƙe. Na ba su labarin duka, ban rage komai ba.

"To!" in ji Gershon. "Da bakinka ka ce allura nashi ne."

"Tata ce, Yaya. Katifata take ɗinkewa. A cikinku wa ya taɓa ɗinka mini ko maɓalli? In za ku ɗauki jakar nan, ku ɗauka da ni a kai. In ɗinkina ya kwance, ku za ku yi wa likita bayani."

Babu wanda ya matso. Silvanus ya ɗago kai a ƙarshe, ya ce wa direba ya tafi.

Mama tana nan tare da mu. 'Ya'yan Gershon ba sa cin abincin da ta dafa, ni kuwa a tsakar gida nake cin nawa, inda kowa zai gani. Abin da na kasa gyarawa ɗaya ne. Jiya rigar makarantar ɗana ta yage, na zura zare na miƙa mata allura. Sai ta ɓoye hannuwanta biyu a bayanta.