Gorar da Aka Ajiye wa Mika'ilu

Ƙanena Mika'ilu ya daina shan ruwa a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Kebbi ke sa mutum ya shanye moɗa ya nemi ƙari. Matarsa Rukayya ce ta kira ni daga Kalgo, inda yake koyar da aikin gona a jami'a, ta ce in zo in ga abin da ya fi ƙarfinta. Ni ce babba a ɗakinmu, kuma kowa ya san ban iya rarrashi ba, shi ya sa ba a nemana sai abu ya cije. Na hau mota daga Gwandu ina ta tsara faɗan da zan yi masa.

Da na gan shi faɗan ya gudu. Leɓɓansa sun tsattsage, idanunsa sun faɗa ciki, ga kofin ruwan sanyi a gabansa ya kife faranti a kai.

Na ce, "Kai kuma mi as same ka? Azumin wace shekara kaka rankawa?"

Ya ce, "Adda, ɗauki ki shinshina."

Na shinshina, na kurɓa. Ruwa ne kamar kowane ruwa, na kuma gaya masa haka.

Ya ce, "Ni ayaba nika ji, wadda ta nuna ta wuce ta yi tsami, da ƙaurin soyayyar dawa. Duk abin da ni kai baki haka shika komawa. Giya ce, Adda."

Sai da na matsa masa sannan ya ba ni labarin. Bara jami'a ta tura shi ƙasar Ruwanda ya duba yadda suke noman dawa. Can ya zauna a gidan wani tsoho mai suna Gasana, wanda kashe-kashen ƙasar suka cinye wa 'ya'ya gaba ɗaya, har tsohon ya riƙa kiransa ɗana. Sana'ar tsohon dafa giya. Ba ta kwalba da kamfani ke yi ba, ita wannan yana cewa ta masu gaggawa ce. Tasa ta ayaba ce, suna ce mata urwagwa. A binne ayaba a rami ta nuna, a murje ta da ciyawa a tatse ruwan, a zuba garin soyayyar dawa, a rufe a cikin wani akushi mai tsawo kamar kwalekwale har ta tashi. In ta yi, a zuba a gora a sa kara mai huda, wannan ya zuƙa ya miƙa wa na kusa da shi. Mika'ilu ruwan farko kawai yake sha, mai zaƙi, tun kafin a sa masa dawa, tsohon kuma bai taɓa ƙorafi ba.

Ranar da zai taho ne tsohon ya fito da wata ƙaramar gora da ya haɗa musamman dominsa, ya miƙa masa da hannu biyu a gaban maƙwabta. Da a ce ƙanena ya ce addinina ya hana, da an wuce wurin, don suna da Musulmi a can, sun san zancen. Amma ɗan Gwandu ne, ya tashi ba ya ce wa babba a'a a bainar jama'a. Sai ya yi irin namu, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a ajiye mini, in na dawo na sha." Mu nan kowa ya san wannan ƙi ne cikin ladabi. Tsohon kuwa ya ɗauka alkawari ne, ya toshe bakin gorar da ganyen ayaba ya shige da ita ɗaki.

A makon da ya wuce wani maƙwabcin tsohon ya kira Mika'ilu a waya, ya ce Gasana ya mutu. Ya ce har ƙarshe tsohon yana tambaya ko ɗansa ya dawo, ya kuma roƙa a sa gorar a kusa da shi cikin kabari, aka sa. Washegarin kiran ne ruwa ya fara sauya wa ƙanena.

Raina ya ɓaci, na ce masa boko ne ya yi masa yawa, na ce da Rukayya ta shirya mu tafi asibiti. Aka sa masa ƙarin ruwa, ya ɗan farfaɗo, sai ya fizge allurar ya ce yana jin tsamin na bin jijiyarsa har maƙogwaro. Likita ya ce damuwa ce ta taɓa shi. Ni ma haka na so in yarda, sai dai akwai abin da na gani ban faɗa wa kowa ba. Daga jarka ɗaya na zuba mana ruwa a kofi biyu, nawa da nasa. Ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓen mangwaro suka taru a bakin nasa suka yi baƙi, nawa ko ɗaya bai sauka ba. A nan na ji tsoro, tsoro sosai.

Muka kwashe shi zuwa Gwandu wurin Inno, mahaifiyarmu. Baffa Abduljalil, ƙanin mahaifinmu, wanda shi ke ba da karatu a zaurenmu, ya zo ya yi masa tofi a ruwa. Mika'ilu ya kai hanci ya kau da kai.

Baffa ya ce, "Ɗana, ruwa ne munka ba ka. Ko da ma abin da kaka hwaɗi ne, larura ta halatta ma. Rai ba abin wasa ba ne."

Da ƙyar muryarsa ta fita. "Baffa, ban sha ba shina raye, sai yanzu zan sha daga hannun matacce? In ni karɓa, mi zai biyo baya?"

Baffa ya miƙe. Ya ja carbinsa ya koma zaure.

Da hantsi ya ɗaga washegari, Mika'ilu ya daina gane mu sosai. Yana kwance a tabarma a ƙarƙashin rumfa, harshensa ya kumbura, yana kallon gefensa na hagu yana ɗan matsawa, kamar mai ba wani wurin zama. Rukayya na kuka a ɗaki. Inno kuwa tana zaune a gefe tana kallonsa. Mace ce da ko kunu ya kwana ya fara tsami ba ta yarda a sha shi a gidanta, sai dai awaki. Ta tashi ta ɗebo ruwa a randa da ƙwaryarta, ta zauna ta ɗora kansa a cinyarta. Kafin ta gyara zama ƙudajen sun iso.

Ta ce, "Mika'ilu, ni ce Inno. Buɗe bakinka."

Ya girgiza kai.

Ta ce, "Ni na haife ka, ni kuma nis sa ka. Duk abin da ac ciki, na zunubi da wanda ba shi ba, na ɗauke ma shi. A kaina shike. Sha."

Ya sha. Ina jin ƙarar maƙogwaronsa daga inda nake tsaye. Da ya kai rabi sai ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu, ya goge bakinta da tafinsa, ya miƙa ta hagu inda babu kowa. Ya daɗe a haka. Da ya dawo da ita na leƙa, babu ko ɗigo a ciki, ƙasar wurin kuma a bushe take.

Ya yi barci har la'asar. Da ya farka ya nemi ruwa, ya sha, ya ce ruwa ne, ya fashe da kuka. Rukayya ta dama fura, gidan ya cika da hamdala, har Baffa ya sa aka yi sadakar waina. Ni ma na yi dariya a ranar, na ce da shi gobe in an miƙa masa abu ya koyi cewa a'a.

Da safe na kai wa Inno ruwan da take sha bayan lazimi. Ta kai ƙwaryar baki, sai ta tsaya. Ta ajiye ta a hankali, ta dube ni.

Ta ce, "Halimatu, wa ya shigo muna da ayaba gidan ga?"