Jijiyar Da Ba A Gani Ba

Likitan ya ƙwanƙwasa haƙorin da gindin ɗan madubinsa. Ila ya zabura har kujerar ta yi ƙara, hawaye ya ɓalle masa ta ido ɗaya.

"Malam, ka natsu mana," in ji likitan. "Wannan turmin na sama ni na kashe masa jijiya da hannuna wata biyu da suka wuce. Saiwa uku gare shi, kowace da raminta, duk na wanke na cike. Mataccen haƙori ba ya ciwo."

Larai, matar Ila, tana tsaye a bakin ƙofa da mayafi a baki. Wannan ne zuwansu na huɗu asibitin gwamnatin.

"Likita, ni mai gyaran agogo ne," in ji Ila, yana dafe da kunci. "Idan na rufe agogo ya ƙi tafiya, na san akwai abin da na bari a ciki. Don Allah a ɗauki hoto a duba."

"Injin hoton ya lalace tun bara. Mun rubuta, ba a amsa ba."

"To a cire shi kawai in huta."

"In cire haƙorin da na yi kwana uku ina ceto?" Likitan ya leƙa baranda, inda mutane fiye da arba'in ke jiransa shi kaɗai. Ba mugu ba ne, gajiya ce ta cinye shi. Ya rubuta maganin ciwon kai a guntuwar takarda. "Ka cire abin daga ranka, zai bari."

* * *

Bai bari ba. A shekarar 1992 ne, kuma a lokacin duk layin masu agogo na babbar kasuwa ba wanda ya kai Ila hannu. Shekara goma sha tara da zuwansa daga Katsina, ya kafa ɗan teburinsa mai gilashi, ya yi aure, ya kama ɗaki biyu a Unguwar Shanu. Ma'aikatan banki da hafsoshin soja sukan tsallake kowa su kawo masa. Yanzu kuwa da zarar ya sunkuyar da kai kan aiki sai ya ji kamar an soka masa allura daga muƙamuƙi zuwa ƙasan ido.

Da likitoci suka shiga yajin aiki, sai ya tafi wurin wani mai cire haƙori a bakin tasha, wanda ke shimfiɗa haƙoran mutane a kan buhu don talla. Mutumin ya leƙa, ya ga turmin da aka cike fes, sai ya ce ai wannan lafiyarsa lau, na kusa da shi ne mai laifi. Ya sa filaya ya fizge lafiyayyen haƙori. Ila ya yi mako yana tofar da jini, ciwon kuwa yana nan inda yake.

Daga nan ne mutane suka daina yarda da shi. An kashe jijiya, an cire haƙori, to me ya rage? Maƙwabta suka ce iska ce. Wansa ya aiko da rubutu da turare daga gida. Ita kanta Larai wata rana ta ce, "Baban Jummai, anya ba tunani ne ya yi maka yawa ba?"

Ya dube ta ya kau da kai. Tun daga ranar bai ƙara yi mata kukan haƙori ba.

Mutum ɗaya ne bai taɓa musa masa ba, Lawan mai kemis na bakin layinsu. Bai nemi takardar likita ba, bai yi tambaya ba. Ya ƙulle masa ƙwayoyi farare guda huɗu da wasu ƙanana shuɗaye a takarda.

"Fara ta kashe ciwo, shuɗiya ta kwantar da rai. Ka gwada, Malam Ila."

Ranar ya gyara agogo bakwai, ya dawo gida da tsire, ya ɗaga 'yarsu Jummai sama har ta yi ƙara don daɗi. Larai ta yi ta gode wa Allah. Bayan wata uku guda huɗu ba sa kai shi azahar.

* * *

A hankali abin ya ci shi. Ya fara gyangyaɗi a kan tebur da gilashin aiki maƙale a ido. Ya musanya wa mutane biyu agogo. Wata safiya bai samu ƙwayar ba, hannunsa na kyarma, ya karce fuskar agogon wani alhaji da sukudireba, alhajin ya tara masa jama'a yana kiransa ɗan ƙwaya. Kafin damina ta biyu teburin ya koma gida, an jingine shi a lungu, kaji na hawa.

Larai ta fara toya waina a unguwar Doka, a gindin wani bene mai ofisoshi. Cikin masu saye akwai Dakta Amina, likitar haƙori mai ɗan asibitinta a saman benen. Wata rana tana jiran a juya waina, Larai ta ba ta labarin, ba don neman komai ba, don dai ya yi mata nauyi.

"Shekara biyu?" in ji likitar. "Kuma ba a taɓa ɗaukar hoto ba? Ki kawo mini shi gobe."

Sai da Larai ta yi kuka kafin ya yarda. Shi kansa ya riga ya gaskata cewa a kansa ciwon yake.

Likitar ta ɗauki hoto sau biyu, ta karkata injin ta sake na uku. Ta ɗaga ɗan baƙin fim ɗin ta taga.

"Malam Ila, zo ka gani. Turmin sama yawanci rami uku ne ko huɗu. Naka biyar ne, haka Allah ya halicce shi. Ka ga wannan siririn layin kamar gashi? Ga wani kuma ya lanƙwasa ya ɓuya a baya. Ba a taɓa su ba. Jijiyar ta ruɓe a ciki aka rufe ta, ga mugunya nan ta taru a ƙashi."

Ila ya matso da fuskarsa, ya kanne ido ɗaya kamar yadda yake duban cikin agogo. Ya daɗe yana kallo.

"Ashe akwai," ya ce a hankali. Ya juyo wajen matarsa. "Larai, ashe akwai."

Ta kasa haɗa ido da shi.

Zama uku aka yi. Likitar ta fasa tsohon cikon, ta bi ramukan biyu da wasu siraran allurai, ta wanke, ta cike. Bayan mako guda kumburin ya sace. A zama na ƙarshe ta dubi hannuwansa da ke rawa a kan cinya, ta sassauta murya.

"Haƙorin na gama da shi, Malam. Wancan ɗayan kuwa, na ƙwayar, ba aikina ba ne. Akwai asibitin masu taɓin hankali, suna da sashe..."

"Na gode, likita," ya katse ta. "An gama ce mini mahaukaci."

* * *

Ranar Asabar da hantsi Larai ta jawo teburin, ta wanke shi tas, ta goge gilashin. Ta karɓo agogon hannun maƙwabcinsu Idris direba, agogon da ya tsaya tun azumi.

"Ka gwada, Baban Jummai. Ba gaggawa."

Ya sa farar rigarsa ya zauna. Tun jiya bai sha ƙwaya ba, ya yi mata rantsuwa. Zufa na tsattsafo masa a goshi. Ya buɗe bayan agogon, ya duba, nan take ya gane matsalar, har ya ɗan yi murmushi. Ya ɗauki hantsaki ya kamo wani sukuru da bai kai ƙwayar gero ba. Bakin hantsakin ya shiga kaɗawa. Ya riƙe wuyan hannun da ɗaya hannun, ya ɗauke numfashi. Sukurun ya yi tsalle ya faɗa ƙasa.

"Kada ka motsa, bari in nemo," in ji Larai.

Ta durƙusa tana shafa siminti da tafin hannu, ta ɗaga tabarma, ta leƙa ƙarƙashin teburin. Ta ɗauki lokaci kafin ta ji shi ya maƙale mata a yatsa.

"Ga shi! Na samu!"

Ta ɗago. Kujerar ba kowa. Labulen zaure na motsi, takalmansa ba sa bakin ƙofa. Ba ta bi shi ba, ta san iya inda tafiyar za ta tsaya, kemis ɗin Lawan.

Ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafar teburin, sukurun a tsakanin yatsunta biyu, ta rasa inda za ta ajiye shi kada ya sake ɓata.