Kwana Takwas Baba Bai Zaga Ba

Tun da aka yi wa surukina aikin ƙugu muka dawo da shi flat ɗinmu, gidan da muke zaune a Edmonton nan ƙasar Turawa, maganin rage zafi ya ƙulle masa ciki tam. Kwana takwas bai zaga ba. Na kaɗa kuɓewa, na jiƙa tsamiya, har shagunan titin Rye Lane na je neman gwanda, duk a banza. Ƙarshe Baba ya daina cin abinci, cikin ya kumbura kamar ƙwarya.

GP, likitar unguwarmu, ta ce a gwada gilisarin, wanda ake cusawa ta dubura. In bai fita zuwa gobe ba, sai asibiti, can kuma nas ce za ta yi masa.

"Mace? Gara a binne ni a ƙasar nan," in ji Baba.

To, wa zai saka? Hannunsa rawa yake, ko juyawa ba ya iyawa shi kaɗai. Ni suruka ce. Saura mijina Zailani, shi kuma ɗan fari ne. Shekara arba'in da ɗaya Baba bai taɓa kiran sunansa ba, sai "wannan yaron", ido ma ba sa haɗawa.

Zailani ya tsaya a kicin yana jujjuya kwalin maganin. Wallahi raina ya ɓaci.

"Baban Afrah, kunya za ka tsaya yi mahaifinka na nishi? Haba! Ka kwantar da shi ta hagu, ka jiƙa bakin abin da ruwa, ka tura a hankali."

Na danƙa masa safar roba, na tura shi ɗakin, na ja ƙofa. Tsoro nake kada Baba ya kore shi.

Shiru. Can na ji nishi, sai kuma shiru. Bayan kusan rabin awa na ji sun ja ƙafa zuwa banɗaki, aka kora ruwa har sau biyu.

Zailani ya fito ya tsaya gaban famfo, ruwa na zuba a hannunsa, hawaye na bin gemunsa. Na matsa kusa da shi.

"Lafiya? Bai fita ba?"

"Ya fita, har koko ya ce a dama masa." Ya goge fuska da kafaɗa. "Murja, da na juya shi ya riƙe hannuna. Ya ce, 'Sannu, Zailani.'"