Layin Honarabul

"Dubu tara da ɗari biyu da goma sha huɗu," in ji Honarabul Muhyiddeen, yana kwance da robar numfashi a hanci. "Abokin karawata kuwa dubu takwas da ɗari bakwai. Ka ji ratar, Kamalu?"

Kamal ya ji ta har ta gundure shi. Shekara shida ke nan katako ɗaya ne ya raba ɗakunansu a wani fulat na unguwar Naif a Dubai, kuma babu ranar Allah da tsohon bai ƙirga masa ƙuri'un nan ba. Sau ɗaya tak aka taɓa zaɓensa, a 1992, ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Kurmin Dabo. Zaɓen 'yar tinƙe ne, kowa ya fito ya tsaya a layi bayan hoton wanda yake so, a ƙirga kawuna a idon jama'a. Kujerar ba ta shekara ba soja suka watse majalisar. Da siyasa ta dawo sai aka tsaga mazaɓar biyu, aka liƙa kowane ɓari a jikin maƙwabta, sunanta ma ya ɓace. Amma shi gogan naka har yau Honarabul ne. Kasuwancin da ya kawo shi Dubai ya daɗe da rushewa, sai zaman benci a ofisoshin kago, masu aika kaya gida, yana shan shayin mutane yana ba su labarin layinsa.

Yau ma ba ƙauna ce ta kawo Kamal asibitin ba. Tsohon ne ya dame shi da waya har sai da ya bar kayan kago a kan sikeli ya hawo jirgin ƙasa na metiro.

"Likita bai ɓoye mini ba," in ji Honarabul. "Ba zan koma Naif ba. Malamai sun ce in mutum arba'in suka tsaya a kan gawa, Allah yana karɓar cetonsu. Arba'in kawai. Ni da na tara dubu tara, inshallah ba za ta gagara ba. Kai za ka tsaya mini a kai."

"Alhaji," in ji Kamal, don bai taɓa kiransa Honarabul ba, "ka san Malam Sabi'u na Gangaren Kuka?"

"Allah sarki, Sabi'u! Dogon nan, mutumin kirki."

"Gajere ne. Ubana ne."

Tsohon ya gyara robar hancinsa, Kamal ya ci gaba.

"Yana cikin dubu taranka. Dagaci ya hana, ya ce duk wanda ya tsaya a bayanka ya san sauran. Babanmu ya tsaya tun hantsi har la'asar, dagaci yana kan kujera yana kallonsa. Damina ba ta zagayo ba aka ƙwace gonar aron da muke ci. Sau uku ya je ƙofarka a Abuja, mai gadi ya kore shi."

"Ai lokacin aiki ya yi mana yawa, ɗana."

"Zan tara maka mutane, don haƙƙin maƙwabtaka. Amma kada ka sa ni a lissafi. Gidanmu an gama tsayawa a bayanka."

Honarabul ya buɗe baki, Kamal ya ɗauka gafara zai roƙa. Sai ya ce, "A Gangaren Kuka ma ni na ci. Ɗari uku da shida."

Ranar Talata ya cika. Takardu suka ci kwana huɗu, 'ya'yansa a gida suka ce a rufe shi a nan, ƙasa duk ta Allah ce. Kamal ya saka sanarwa a guruf ɗin 'yan Arewa, nan da nan addu'o'i suka yi ta zubowa, sun fi ɗari biyu, har da masu rubuta cewa an yi rashin uba. Ya bi lungunan Naif shago shago. Ya samu Nasir mai takalma, wanda ya fi kowa iya miƙewa ya ce "Honarabul, ran ka ya daɗe" don a yi dariya, yana tsaye a kan kwalaye.

"Wallahi habibi, kwantena ce za ta rufe yau," in ji Nasir. "Ka san halin masu lodin Port Saeed, minti ɗaya suka ce halas, shi ke nan. Zan yi masa addu'a daga nan."

"Bas tana ƙofar masallaci, ƙarfe biyu."

"Inshallah, inshallah."

Kamal ya san wannan inshallah ɗin, irinta ce ake ba mai tallan turare. Bas mai cin mutum hamsin ta tashi da goma sha tara ban da Kamal, uku daga ciki ma baƙi ne daga Kano da suka ɗauka za a bi ta wata kasuwa.

A maƙabartar bayan gari rana tana dukan yashi, ga makara a ajiye, ga liman yana duba agogo. Kamal ya ji haushin mamacin, ya ji haushin masu rai, ya fi jin haushin kansa da ya yi alkawari. Ya je ya taso direban bas, wani Bapakistane. Ya roƙo masu haƙa kabari biyar. A gefe wasu leburori 'yan Bangaladash sun gama rufe ɗan'uwansu suna shirin tafiya, ya tare su da guntun Larabcinsa, yana nuna makara yana cewa, "Shwayya, shwayya, salla," wato su ɗan dakata a yi salla. Suka dubi juna, suka biyo shi, su goma sha uku. Babu wanda ya taɓa jin sunan Kurmin Dabo a cikinsu, kuma ba su tambaya ba.

Aka yi sahu uku. Kamal ya koma gefe, ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, kamar malamin zaɓe. Har da liman, talatin da tara. Ya sake ƙirgawa daga ɗaya gefen, ko Allah zai sa ya yi kuskure. Bai yi ba. Ya dubi ƙofar maƙabartar, ya dubi titi, ko kare babu.

"Yalla, ya Hajji," in ji liman, yana nuna wa Kamal agogo.

Kamal ya dubi makarar. Mutumin da ya cika fulat da murya, ga shi bai kai faɗin tabarma ba. Ko a mace sai da ya san yadda ya yi ya ci ƙuri'ar wani ɗan Gangaren Kuka. Kamal ya yi tsaki a hankali, ya tuɓe takalmansa, ya taka zuwa sahun baya. Wani lebura mai siminti a yatsun ƙafa ya matsa masa, kafaɗarsu ta haɗu.

Liman ya ɗaga hannu ya yi kabbara. Inuwar sahun ta miƙe a kan yashi, tasa ce ta ƙarshe.