Kalma Ɗaya a Bayan Ngatu

Kalolaine tana durƙushe a tsakiyar ngatun, tana lallatsa shi da tafin hannu don ninkin ya kwanta, sai hannunta ya tsaya. Ta sake shafa wurin. Shekara talatin da ɗoriya ta yi tana bugun ɓawon itace har ya zama mayafi, ta san yadda yake amsa hannu. Wannan santsi ne da shi, kuma da ta danna sai ya yi wata 'yar ƙara irin ta takarda.

"Sisifa, kama can mu juya shi."

Ƙanwarta tana tsaye a bakin baranda, hannu ɗaya riƙe da igiyar ɗauri, ɗayan yana latsa waya.

"Yaya, lokaci fa. Ƙarfe uku mai tafiyar da zai kai shi Auckland zai shiga filin jirgi, kuma ya ce ba zai jira kowa ba."

"Na ce ki kama."

Suka juya shi. Daga baki zuwa kamar taƙi biyu, ɓawo ne na gaske. Daga nan har ɗaya gefen kuwa farin yadin kanti ne, irin wanda tela ke sa wa a cikin wuyan riga don ya tsaya, an goga masa rini ya yi ja-ja.

Ngatu iri biyu ne a Tonga yanzu, kowa ya sani. Akwai wanda sama da ƙasa duk ɓawo ne, shi ake ninka wa suna a ce ngatu ngatu. Akwai wanda ake shimfiɗa yadin kanti a ƙasa a liƙa ɓawo a sama, shi ne pepa. Yin pepa ba laifi ba ne. Kasuwa cike take da shi, mai sayarwa ta faɗa, mai saye ta sani. Amma wannan ba haka aka yi shi ba. An bi bakinsa da ɓawo daidai inda kowace mace ke kai hannu ta ɗaga kusurwa ta duba. Wadda ta yi shi ta zauna ta yi tunani kafin ta yi.

"Kin sani?" in ji Kalolaine.

Sisifa ta saka wayar a aljihu. "Na dai ji bai kai nauyin da ya kamata ba."

"Kika yi shiru."

"To me zan ce? Mutuwa tana aiko da takarda ne tukuna? Ran Litinin aka nema, yau Alhamis. Na kewaye tsibirin nan kaf, shi kaɗai na samu mai gaɓa ashirin. Na ɗauki hoto na tura, yarinyar ta gani ta yi godiya har da kuka."

Yarinyar ita ce Heilala, wadda ke zaune a Auckland. Yayanta ne ya faɗi a wurin aiki bai tashi ba, kuma ranar Asabar za a binne shi. A jana'iza gwaggon mamaci ce ke zama a wajen kansa, ita ake miƙa wa ngatu mafi daraja a gaban dangi. Da gaɓa ake auna tsawon ngatu, kowace gaɓa da lambarta a baki. Shi Heilala ta nema. Kalolaine ba ta da ko ɗaya a ajiye. Wanda ƙungiyarsu ta masu bugun ɓawo ta fara ya tsaya a rabi, domin an yi rashin wani dattijo a ƙauyen, kuma ba a ɗaga sandar bugu sai makoki ya wuce.

"Sunan shafin nan, wa ya raɗa shi?" Kalolaine ta tambaya.

Sisifa ce ta raɗa shi. Shekara uku da suka wuce ita ta zo da dabarar. Ta ce kada su yi kokawa da kasuwa, masu pepa sun fi su yawa sun fi su araha. Su nemi mutanensu 'yan kaɗan, tsofaffin matan da ke Auckland da Sydney, waɗanda suka gaji da aiko kuɗi gida ana aika musu da yadin tela. Su sayar musu da abu ɗaya tak. Ta buɗe shafi a intanet ta sa masa suna Ngatu Ngatu, da hoton hannuwan yayarta a sama. Dabarar ta ci. Masu saye ba su da yawa, amma ba sa zuwa wurin kowa.

"Suna ne na kasuwanci, Yaya. Ba rantsuwa ba ce a coci."

"Hannun wa ke jikin hoton?"

"Yanzu dai me kike so a yi? A bar baiwar Allah ta shiga gaban gwaggonta hannu rabbana?"

Kalolaine ta miƙe, gwiwoyinta suka yi ƙara. Ta ɗaura 'yar tabarmar ƙugu ta al'adarsu a kan baƙar rigarta, ta ɗauki jaka.

"Kada ki ɗaure shi. Kada kuma ki rubuta mata komai sai na dawo."

Bas ɗin Nuku'alofa, babban birni, ya tsaya sau goma sha kafin ya isa, ana loda kwandunan rogo da doya. Direba ya ƙure kiɗa. Wata mata da ke kusa da ita tana ta ba ta labarin ciwon ƙafar mijinta, ita kuwa ba ta ji ko rabi ba.

A kasuwa ta wuce masu kayan miya kai tsaye zuwa layin masu ngatu.

"A'a, ga uwar masu gaskiya ta sauko cikinmu," in ji wata mai ƙiba da ke fifita da kwali. "Kalo, lafiya? Ko wayar ce ta lalace?"

"Ngatu ngatu nake nema, Pelenaise. Mai gaɓa ashirin. Yau."

Matan suka dubi juna, suka yi dariya.

"Yau? Ki ce a haɗa miki da saurayi mai mota, duk tafiyarsu ɗaya. Ga pepa nan tuli, in kina so. Nawa bai taɓa cewa shi wani ne ba."

Ta bi layin rumfa rumfa. Ba ta ɗaga kusurwa, hannu take zurawa can cikin ninki ta shafa, har wata ta ce mata ta bi a hankali, ba akuya take saye ba. Mace ɗaya tana da mai gaɓa ashirin a gida, amma na auren jikarta ne, ta ce ko Sarki ne ya aiko ba za ta bayar ba. A can ƙarshe, kusa da matakala, wata tsohuwa da ta zo daga tsibirin 'Eua ta warware mata wani ƙarami. Zanensa ba shi da ado sosai, layin ma ya ɗan karkace a wuri ɗaya. Kalolaine ta zura hannu, ta rufe ido. Ɓawo ne har tsakiya.

"Gaɓa nawa, Inna?"

"Takwas. Da goma ne, na yanke biyu na rufe ƙanena."

Takwas. Abin da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin jariri ranar da aka kai shi coci. Duk wanda ke zauren makoki zai ƙirga lambobin da ke bakinsa tun daga inda yake zaune. Ta saya duk da haka.

Ƙarfe ɗaya ya gota lokacin da ta dawo. Sisifa ta share baranda, ta dafa shayi, irin aikin wanda ya san ya yi laifi amma bai shirya faɗa ba. Babban ngatun yana nan a kife yadda aka bar shi.

"Kira min Heilala. Da hoto, ina so ta ga abin da nake gani."

Sisifa ta kira, ta jingina wayar da ƙafar kujera, ta koma bakin ƙofa.

Fuskar Heilala ta fito, idanu a kumbure, gashi a kwance ba kitso, tsohuwar tabarma ɗaure a kan baƙaƙen kaya. Daga bayanta ana jin waƙar coci da ƙarar tukwane. Ta shige wani ɗaki ta ja ƙofa.

"Inna Kalo, ya taso?"

"Bai taso ba, 'yata. Ya haƙuri? Allah ya ba shi hutawa."

"Amin. Me ya faru?"

Kalolaine ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ɗauki wayar ta bi da ita daga bakin ngatun zuwa tsakiya, ta kankare rinin da farce har farin ya fito.

"Pepa ne. An yi masa baki don a ruɗi mai dubawa. Ban gani ba sai yau, kuma laifina ne, don ban taɓa sayar da abin da ban juya da hannuna ba sai wannan karon. Na je kasuwa, na samo na gaske, amma gaɓa takwas ne."

Heilala ta zauna a bakin gado.

"Takwas," ta ce. "Inna, kin san Gwaggo Uinise kuwa? Matar da ta mayar wa surukarta da alade a ranar biki don ta ce ya rame? Mutum ɗari uku za su zauna a zauren nan. Ki ce in ɗauko gaɓa takwas in ajiye a gabanta?"

"Ban ce ki yi komai ba. Na faɗa miki abin da ke akwai."

"Ki aiko da babban."

"Zan aiko."

"Kuma maganar ta tsaya nan, tsakaninmu. Ba za ta juya shi ba. Ita da bakinta ta ce, in dai daga wurin Kalolaine ne ba sai an duba ba. Ita ce ma ta ba ni lambarki."

Daga bakin ƙofa Sisifa ta buɗe hannuwa, kamar mai cewa kin ji ko, an huta.

Kalolaine kuwa sai ta gane. Ashe bakin ɓawon da aka liƙa ma ba shi zai yi aikin ba. Sunanta ne zai yi. Tsohuwa za ta karɓi yadin tela ta rungume, ta kai shi gida ta sa ƙarƙashin katifa, wata rana ta miƙa shi a wani auren ko wata jana'izar tana cewa daga hannun Kalolaine ya fito. Daga can kuma ya wuce wani gidan.

"Na yarda da ke ne shi ya sa ban nemi wani wuri ba," in ji Heilala. "Yanzu kwana biyu suka rage. Ba abin da na roƙe ki sai shiru. Shirun ma ba za ki iya ba?"

"Da ni da ke ne kawai, da na yi. Amma ita ma tawa ce. Sau huɗu tana saye a wurina."

"To kira ta ki tona mana asiri."

"Ba zan kira ta ba. Makokinku ne, ba nawa ba."

Ta mayar da wayar jikin ƙafar kujera. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙoƙon kwakwa mai baƙin rini da ɗan tsinken da ake zane da shi. Ta durƙusa a kusurwar ngatun ta baya, inda ake ɗagawa, ta tsoma tsinken. Ta rubuta haruffa huɗu, ƙanana, waɗanda ba su wuce faɗin yatsa uku ba: pepa.

"Yaya," in ji Sisifa a hankali. "Kin kashe shi."

"Na kira shi da sunansa."

Ta ɗago wayar ta nuna wa Heilala.

"Ga shi. Duka biyun zan ba mai tafiya. In ya iso, ngatu naki ne. In ba ki son a ga rubutun, akwai almakashi a gidanku, ki yanke kusurwar. Ba zan tambaye ki ba, ba zan faɗa wa kowa ba. Amma daga hannuna, haka zai fita."

Heilala ta rufe fuska da tafin hannu. A bayan ƙofarta waƙar ta ƙare, aka ɗauko wata. Wani ya ƙwanƙwasa ya kira sunanta, ta ce tana zuwa. Kalolaine tana hura rinin don ya bushe. Ta san mai yiwuwa wannan ne kiran ƙarshe daga gidan, kuma labari a Auckland ba ya kwana a coci ɗaya.

"Ƙaramin," in ji Heilala can. "Nuna min."

Sisifa ce ta warware shi, ba tare da an ce mata ba. Ta riƙe shi a gaban wayar, da karkataccen layinsa da gefen da aka yanke.

"Me ya sami gefen?"

"Mai shi ta yanke gaɓa biyu ta rufe ƙanenta."

Heilala ta daɗe tana kallo. Ta share ido da bakin riga, ta miƙe, ta gyara tabarmar ƙugunta.

"In za ku ɗaure," ta ce, "ku sa shi a sama."

Kiran ya katse. Kalolaine ta taɓa rubutun da ɗan yatsa, ta ga ya bushe.

"Kama can," ta ce da ƙanwarta. Suka fara ninki.