Ba a Shiga da Keke

"Sakar mini keken nan, Kawu," in ji Mukhtaru.

Nu'uman bai saki ba. Shi ne babba a shagon waldar da Mukhtaru ke aiki, kuma ɗan garinsu ne daga Maraɗi.

"Kanka ɗaya kuwa? Tun da aka fara fasa titin nan aka hana keke, ka ga allon da idonka. Ikamarka, takardar zamanka a ƙasar nan, ta mutu kwana goma sha ɗaya, kafil ɗin da ya tsaya maka bai sabunta ba. 'Yan sanda suka tare ka, sai tarhil, a kore ka daga ƙasar. Sai dai mu aika maka da kayanka gida."

"Inna Jawahir ce fa ta rasu."

"Allah Ya jiƙanta. Addu'a daga nan ma tana isa."

Lokacin da Mukhtaru ya sauka Makka bai san kowa ba, Inna Jawahir mai tuwo a unguwar Mansur ce ta shimfiɗa masa tabarma a bayan shagonta. Ba ta da ɗa namiji. Ta sha ce masa, tana zuba miya, "Kai za ka ɗauki makarata, ka ji ko?" Yau za a sallace ta a Harami da zarar an idar da La'asar, kuma can ba a jiran kowa.

"To hau tasi," in ji Nu'uman.

"Motoci a tsaye suke tun Azahar."

"Bi ta cikin unguwa."

"In isa bayan an binne ta?"

Mukhtaru ya fizge keken.

Da farko ya yi ta kurɗawa tsakanin motocin da cunkoso ya riƙe, gwiwarsa na gogar shingen kankare. Inda matsin ya ƙare kuwa, sai motoci suka ɓalle da gudu. Wata tirela ta wuce shi, iskarta ta kusa maka shi da shinge. Bai waiwaya ba. Kwalta na turiri, zufa na shiga masa ido. Can gaba ya hango hasumiyar agogon da ke jikin Harami, ya ƙara taka feda.

Motar 'yan sandan hanya na fake a bayan tulin tsakuwa. Kekuna biyu a kwance a gefenta, masu su na zaune a kan shinge, kai a ƙasa.

Ɗan sandan ya ɗaga hannu.

"Mamnu'," ya ce, wato an hana, yana nuna keken. "Ikama."

Ikamar a cikin waya take. Mukhtaru ya buɗe, ya miƙa. Mutumin ya daɗe yana kallon kwanan watan. Daga wani masallaci a ƙarƙashin gada aka fara kiran salla.

Sai wayar ta yi ƙara a hannun ɗan sandan. Khalida ce, 'yar marigayiyar. Ya dubi sunan, ya dubi Mukhtaru, ya danna lasifika, ya kusanto masa da ita ba tare da ya saki ba.

"Yaya Mukhtaru, an fito da Inna. Na roƙe su su bar maka gefen gaba na makarar." Ta ja numfashi. "Kana ina?"